Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Na sauka Alƙahira da jaka ɗaya, da rigar shadda ruwan toka da Baba ya ɗinka mini, da kuma tabbacin cewa kujerata tana nan a aji tana jirana. Mutumin da ya shirya mini tafiyar daga gida ya rantse har da dafa ƙirji cewa guraben karatu a aljihunsa suke. Da na kai takardar da ya ba ni ofishin makarantar, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini abina ya ce, "Ma'alish," wato in yi haƙuri. Na kira lambar mutumina, aka ce a kashe take. Har yau da nake wannan rubutu ba a kunna ta ba.

Unguwar Hayyin Ashir ce ta fara riƙe ni. A wani masallaci na unguwar na ji ana Hausa a sahun bayana, na juya na ga wani siririn ɗalibi, Auwalu, mutumin Gusau. Ya saurari labarina bai ko yi mamaki ba, ya ce ba ni ne na farko ba, in taso mu je. Ɗakinsu ya riga ya cika, amma aka matsa mini wuri a bakin ƙofa, inda duk mai fita alwala sai ya tsallake ƙafata. Auwalu ne ya riƙa jana ofis-ofis har aka sa sunana a ajin koyon harshe, wanda daga shi ake fatan shiga jami'a. Babu tallafi, babu masauki. Ful, dafaffen waken Masar, da gurasa na ci har na fara jin warinsu a zufata.

Ni ɗan maƙera ne, kuma ɗan fari. Wannan ban gaya wa kowa a Ashir ba. In aka tambayi sana'ar mahaifina sai in ce yana harkar kayan noma, wanda ba ƙarya ba ne, tunda garma da fartanya da lauje yake ƙerawa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, kamar yadda iyayenmu suke yi wa ɗan fari. "Kai" yake ce mini, ko "wancan yaron". Tun ina ƙarami in na zauna zan taya shi zuga sai ya kore ni da hannu, ya ce in tafi zauren Malam Habibu in ɗauki karatu. Magana ɗaya doguwa na taɓa ji daga bakinsa a kaina, ita ma ba ni ya gaya wa ba, Inna ya gaya wa ina jiyowa ta bayan danga. Ya ce, "Na hura wutar da ta ishe mu ni da shi. Ba na son yaron nan ya zauna gaban wuta."

Da wannan maganar na hau jirgi, kuma ita nake tunawa duk ranar da yunwa ta ce in tattara in koma gida.

Da mai gidan Ashir ya gano yawanmu ya watsa mu, sai ni da Auwalu muka koma unguwar Hadayik, wani ɗaki a saman bene wanda rabinsa tantabarun maƙwabci ne suka mallaka. A hawa na ƙasa da mu akwai wata dattijuwa, Hajja Batulu, Bahaushiyar Sudan da yaƙi ya koro. Ta ji ina waya da Hausa a matakala ta leƙo ta ce, "Ya zol, ɗan wane gari?" Na gaya mata. Ta ce kakanta daga Haɗeja ya taso zai je Makka a ƙasa, ya tsaya hutawa a Sudan, ga shi har yau suna hutawa. Daga ranar kwanonta bai daina hawowa samanmu ba.

Wata rana na same ta tana fama da gawayin dafa gahawa, tana ta fifita yana ta mutuwa. Ban yi tunani ba na tsuguna, na sake jera shi, na bar masa hanyar iska ta ƙasa, na hura sau biyu ya kama. Ta zuba wa hannuna ido.

"Kai ɗan maƙera ne," in ji ta.

Na sunkuyar da kai.

"To mene ne na sunkuyar da kai? Khalas, na samo maka aiki. Gidan da nake girki a unguwar Ma'adi suna neman mai kula da wuta."

Na ɗauka zolaya ce. Wa yake hura itace a Alƙahira? Amma sanyi ya riga ya shigo, irin sanyin garin nan da ke fitowa ta cikin tayil ya shiga ƙashi, ga kuɗin haya ya taho. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Washegari bayan aji na bi ta muka hau metro, jirgin ƙasan cikin gari.

Gidan na wata tsohuwar Baturiya ne da kowa yake ce wa Madam. Mijinta injiniya ne, ya rasu a nan, ita kuma ta ƙi komawa ƙasarsu. Ƙirjinta ba lafiya. Hitar lantarki tana busar mata da maƙogwaro ta kwana tana tari, hayaƙi kuma ko kaɗan ne sai an kai ta asibiti. Abin da kawai yake ɗumama ta lafiya shi ne wani murhu na baƙin ƙarfe mai ƙofar gilashi da mijin ya shigo da shi ya kafa a falo, tsakanin kantocin littattafansa.

Ita da kanta ta koya mini, da Larabcinta mai tsalle-tsalle. Ta sa na leƙa saman murhun ta ciki, na ga wani abu mai ƙananan huji kamar saƙar zuma. Ta ce wannan saƙar ita ce ran murhun: in ta yi zafi yadda ya kamata, hayaƙin da ya bi ta cikinta yakan ƙone ƙurmus, ya zama ɗumi, bututu ya fitar da iska kawai. A saman murhun akwai ma'aunin zafi mai allura, ƙafarsa tana soke har kusa da saƙar. Fuskarsa kashi uku ce: fari, ruwan toka, ja. A gefe kuma akwai mariƙi. In an hura wuta, mariƙin a buɗe yake, hayaƙi yana wucewa kai tsaye sama. Sai allura ta bar fari ta shiga ruwan toka sannan a rufe shi, hayaƙi ya koma bin saƙar. In aka yi gaggawar rufewa, kunkunniya ta toshe hujin. In kuma aka yi sakaci allura ta shiga ja ta daɗe, saƙar ta tsage ta marmashe, kuma babu irinta a duk Masar.

Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kada ka yarda da idonka. Wuta tana iya yin kwance kamar ta mutu, alhali saƙar tana ci. Allura za ka duba."

Raina ya ɗan sosu. Ni da na tashi ina gane zafin ƙarfe daga launinsa, yau wata 'yar allura ce za ta gaya mini halin wuta. Amma na bi, kuma na ga gaskiyarta. Na koyi cewa busasshen itacen lemo yana ɗaga allura da sauri, na mangwaro a hankali. Na koyi cewa ba a kunna wannan murhu da leda ko kananzir kamar yadda muke yi a gida, ba a jefa masa katako mai fenti, ɗanyen itace kuma yana iya tsaga saƙar saboda sanyin tururinsa. Nakan fita tsakar gida in ɗaga kai in kalli bakin bututu, in ga babu komai sai rawar zafi a iska. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da nake ji. Hannuna ya san aikin nan fiye da yadda harshena ya san nahawu.

A gida kuwa labari dabam ake yi. Wata Juma'a na je aiki da rigar shaddata, Madam tana barci a sama, sai na zauna a kujerar mijinta, littattafai a bayana, na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata. Na gyara wayar yadda murhun bai fito ba. Kafin mako ya zagayo hoton ya gama unguwarmu. Wai Nasiru ya samu ɗaukaka, Larabci yake koya wa Turawa, wasu ma suka ce saura kaɗan matar ta musulunta a hannunsa. Ni ban faɗa ba. Amma da Inna ta kira tana sa mini albarka, "amin" na ce.

Ranar da abin ya faru, rana ce mai hadari da iska, bayan la'asar. Na cika murhun da itacen lemo, allura ta shiga ruwan toka, na rufe mariƙi. Saura in jira wuta ta zauna in rage mata iska, sai aka buga ƙararrawar ƙofa. Na leƙa ta taga. Auwalu ne, riƙe da hannun wani dattijo mai rawani, idonsa ɗaya a rufe da auduga. Ko a mafarki na san wannan tafiyar. Malam Habibu ne, wanda ya koya mini karatu tun daga alif, wanda ya zauna a maƙerar Baba ya roƙe shi ya bar ni in taho Masar. Ashe aikin ido ya kawo shi, ya nemi ɗakinmu, ya ce wa Auwalu sai ya kai shi inda nake koyarwa. Wa zai ce wa Malam a'a?

Na cire rigar aiki na cusa a bayan kujera, na tura safar hannun wuta ƙarƙashin matashi, na wanke hannu da sauri. Da na buɗe ƙofa Auwalu ya kalle ni kallon neman gafara, ya ce yana da darasi, ya juya kamar an biyo shi.

Na durƙusa na gaishe da Malam. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Nasiru, kai ne ka zama haka? Masha Allah. Mahaifinka ya ce in duba masa kai da idona, ga shi idon ma ɗaya ya rage, shi ma hazo-hazo."

Allah ya yafe mini, na ji sanyi a raina da ya ce hazo-hazo.

Na kai shi falo na zaunar da shi a kujera mafi taushi, ni kuma na zauna a ƙasa gabansa kamar yadda muke yi a zaure. Hajja Batulu ta kawo shayi, suka gaisa da Hausa, ya yi ta mamakinta. Da za ta fita ta kalli murhun, ta kalle ni. Na kau da kai.

Malam ya fara ba ni labarin gida: wanda ya rasu, wanda ya yi aure, rijiyar masallaci da ta rufta. Daga nan ya shiga nasiha. Wanda ya san Malam Habibu ya san nasiharsa ba ta da gajeriyar hanya, kuma ba a motsi in yana yi. Murhun yana bayan kafaɗarsa ta dama, don haka duk lokacin da na ɗaga ido kamar ina kallon fuskarsa, allurar nake kallo. Ta wuce tsakiyar ruwan toka. Iska tana kaɗawa a waje tana jan wutar, itacen lemo yana ci kamar an zuba masa mai.

"Ilimi amana ne, Nasiru," in ji shi. "Yanzu da Allah ya sa kake koyar da waɗannan mutane, ka san kai ne littafin da suke karantawa."

Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam."

Allura ta kai bakin ja. Na ce a raina bari ya kai aya in nemi uzurin zagayawa, in roƙi Hajja ta zo ta rage. Sai na tuna Hajja tsoron murhun take, ba ta taɓa taɓa mariƙin ba. Ƙarfen ya fara 'yar ƙara, ƙas, ƙas, irin wadda yake yi in zafi ya yi masa yawa. Zufa ta keto mini a cikin wannan sanyi.

Sai Malam ya ɗaga hannuwa ya ce mu yi addu'a.

Na ɗaga nawa. Ya fara da iyaye, ya bi ta kan malamai, ya gangaro kaina. Yana roƙa mini ilimi mai amfani, ina cewa amin, allura tana shiga ja. Na ga hasken saƙar ta saman gilashi ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo mai haske, launin da in ƙarfe ya yi shi a maƙera Baba yake cewa a ciro. Na tuna tsohuwar da ke kwance a sama, wadda ta danƙa mini abu ɗaya da mijinta ya bar mata mai ɗumi. Na tuna kuma cewa duk abin da Malam ya gani a ɗakin nan, a maƙerar Baba zai sauke shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. A tsakiyar addu'ar malamina, hannuwansa a sama, na tsallake gabansa. Na zaro safar daga ƙarƙashin matashin da yake jingine da shi, na durƙusa gaban murhun, na buɗe mariƙi don saƙar ta huta, na rage iska. Na zauna a kan gwiwoyina ina kallon allurar, ba ta motsa ba, kamar ta yi fushi. Can ta fara ja da baya a hankali. Sai da ta koma cikin ruwan toka na mayar da mariƙin, sannan na lura falon ya yi tsit. Malam ya shafa addu'arsa shi kaɗai.

Ina nan durƙushe da safa a hannu sai ga Madam ta sauko da sandarta, warin zafin ƙarfe ya tashe ta. Ta duba allura, ta leƙa saƙar, ta sauke numfashi. Da ta ga baƙo sai fuskarta ta washe. Ta tambaya ko mahaifina ne. Na ce malamina ne. Sai ta juya gare shi, da zuciya ɗaya, da Larabcin nan nata da ko yaro zai gane, ta ce, "Ya Shaikh, ka yi alfahari da shi. Na yi masu hura mini wuta da yawa, ban taɓa samun kamarsa ba. Yana share toka kamar mai share ɗakin uwarsa."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya amsa mata da Larabci mai kyau, ya yi godiya, ya yi mata fatan lafiya. Ya shanye shayinsa har ƙasa. Sannan ya ce in raka shi.

Na riƙe hannunsa muka bi ƙarƙashin itatuwan Ma'adi zuwa inda zai samu tasi. Yatsunsa kawai nake ji suna shafa tafin hannuna, inda itace ya yi mini kanta. Da mota ta tsaya, na buɗe masa ƙofa, na kasa daurewa.

"Allah gafarta Malam, don Allah in ka koma..."

"Kana zuwa aji?" ya katse ni.

"Kullum da safe."

"To. Kada ka roƙe ni abin da ba zan iya ba, Nasiru. Aiko ni aka yi in gani."

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗin komai ba. Duk ƙarar waya sai in zabura. Na shirya jawabi kala-kala, na dalilin da ya sa, da wanda ya cuce ni, da cewa na wucin gadi ne. Hajja Batulu ta gaji da ganin fuskata ta ce, "Ya waladi, sata ka yi? Ci abinci." Auwalu kuwa ya koma kirana Sarkin Wutar Ma'adi, sai da na daina yi masa magana kwana biyu.

Kiran ya zo wata safiya ina tsaye a tashar metro. Lambar ƙanwata ce, amma da na ɗauka sai na ji ƙarar masaba a nesa, da wani tari mai zurfi da na sani tun ina goye. Baba bai taɓa kirana da kansa ba. Kullum ta bakin Inna saƙonsa yake zuwa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ina kwana?"

"Lafiya. Malam ya dawo."

Na jingina da bango. Duk jawaban da na shirya suka gudu.

"Ya ce wuta kake hurawa."

"E, Baba."

Tarin ya sake taso masa, ya daɗe yana yi, ina jin yadda yake neman numfashi tsakanin ɗaya da ɗaya. Shekara nawa ina jin tarin nan a gidanmu, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina ya samo shi ba.

"Ya ce wai ya zauna a ɗakin tun la'asar, wuta tana ci, bai ji hayaƙi ba. Gaskiya ne, ko idon ne ya taɓa masa hanci?"

"Gaskiya ne, Baba. Akwai wani abu a ciki kamar saƙar zuma, shi yake cinye hayaƙin. In dai ana duba zafinsa, ko kaɗan ba ya fita."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Ƙirjinka fa? Ba ka tari?"

"Ba na yi."

Na ji ya sauke ajiyar zuciya, doguwa, mai ƙara kamar tsohon zugazugi.

"To alhamdu lillahi," in ji shi. "Dama shi nake guje maka. Ka riƙe wa matar nan amanarta, ka yi karatunka."

Jirgi ya zo ya buɗe ƙofofi ya rufe ya tafi ina tsaye. Duk shekarun nan na ɗauka sana'arsa yake jin kunyar in gada, ashe ni kaɗai nake jin kunyarta. Kafin in samu abin faɗa sai na ji ya matso da wayar kusa da bakinsa, ya rage murya kamar mai tambayar abin da bai kamata ba.

"Wannan saƙar," ya ce, "da wane irin ƙarfe aka yi ta?"